An ɗauke min kyamara a Kumasi: abin da baƙo zai yi, da wanda zai fara yi

Ɗumin kokon na fara ji a bayan kafaɗata ta hagu, kafin wani saurayi ya taɓa ni ya ce da Hausarsa ta 'yan Kumasi, "Alhaji, duba rigarka." Farar shadda ce mai sabon guga. Na sauke jakar daga kafaɗa, na ajiye ta tsakanin ƙafafuna, na murɗa wuya ina leƙen baya. Wani kuma ya miƙo min hankici yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya zuba. Gogewar ba ta kai ƙirgen goma ba. Da na sunkuyar da kai, ba abin da ke tsakanin takalmana sai wata ledar ruwa da aka tattake. Mai hankici ya ɓace, mai nuna min riga ya ɓace.

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a cunkoson da ke tsakanin Adum da Kejetia. Ni mai ɗaukar hoto ne, shekarata 14 a wannan sana'a a Kano. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya kusa shekara arba'in a unguwar Aboabo, kuma da zai aurar da autarsa ya ce ba wanda zai ɗauki hoton bikin sai ni. Na biyo mota ta Legas, Seme, Kwatano, Lome, na tsallaka Aflao, na kwana Ankara babban birnin Gana, washegari na ƙarasa kilomita kusan 250 ɗin da ke tsakaninta da Kumasi. A cikin jakar akwai Canon 80D da lens ɗinta 18-135, da filasha, da batir biyu, da caja. A cikin kyamarar kuma akwai memori mai 64GB ɗauke da hotunan kamu da na sa lalle. Gobe Lahadi ɗaurin aure, don a zangon Kumasi galibi ranar Lahadi ake ɗaurawa. Ƙarin memori na fita saye.

Ban samu kyamarar ba har yau, na faɗa tun da wuri don kada wani ya karanta yana jiran dabarar da ke dawo da kaya. Abin da nake da shi shi ne jerin abin da za ka fara damuwa da shi. Zuciya za ta riƙa ce maka kyamara, kyamara, alhali ita ce ta huɗu. Ranka ne farko, sai takardunka, sai hotunan mutane da aka ba ka amana. Bayan waɗannan ne ake maganar ƙarfe da gilashi.

Mintuna goman farko

Kada ka bi kowa da gudu. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Ba ka san lungun da ya ɓulle ba, ba ka san wanda ya toshe ba, kuma masu irin wannan aiki ba su fita su kaɗai. Wanda ya ɗauki jakar ya riga ya miƙa wa na biyu kafin ka ɗago kai. Idan ka bi su lungu, wayarka da fasfonka ma sun zama nasu.

Kada kuma ka nuna wani ka kurma ihun ɓarawo sai idan ka ga kayanka a hannunsa ƙuru-ƙuru. Ni kaina na ɗaga hannu zan nuna wani yaro mai jar riga da na hango yana sauri, Allah ya riƙe min harshe. Mun san abin da taron kasuwa ke yi wa wanda aka kira ɓarawo, a Kano ma haka ne, a Gana ma haka ne. Mutanen Gana ba su manta da Manjo Maxwell Mahama ba, hafsan sojan da mutanen Denkyira-Obuasi suka kashe a watan Mayun 2017 bisa zaton ɗan fashi ne. Ba kyamarar da ta kai ka kwana da jinin wani a wuyanka, balle wanda bai ji ba bai gani ba.

Ja da baya ka jingina da bango ko rumfar wani, ka ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, sannan ka shafa jikinka: fasfo, katin rigakafin shawara, waya, kuɗi. Nawa suna aljihun ciki na 'yar shara, kuma wannan kaɗai ya raba ni da wahala mai tsawo. Daga nan duba agogo. Rubuta lokaci a waya, da sunan shagon da ke gabanka, da kamannin waɗanda suka yi maka magana tun suna sabo a idonka. Bayan awa biyu za ka fara gauraya fuskoki. Ɗaga kai ka duba ko akwai banki ko babban kanti mai kyamarar tsaro da ke kallon wurin, ka riƙe sunansa. Kai ba za su nuna maka ba, amma ɗan sanda zai iya nema, kuma irin waɗannan na'urori suna goge tsohon ɗauka su hau sabo, saboda haka abin na gaggawa ne.

Lambobin neman agaji a Gana su ne 191 da 18555 na 'yan sanda, da 112. Amma ni wanda na fara kira Kawu ne, kuma shi nake ba kowa shawara ya fara kira: mai masaukinka.

"Kawu, an ɗauke jakar."

"Kai lafiyarka ƙalau? An taɓa ka?"

"Ba a taɓa ni ba."

"To tsaya nan inda kake, ɗan nan. Kada ka motsa. Ga ɗan'uwanka nan zuwa."

Ɗan Kawu abokin wasana ne, tun da na sauka yake tsokanata da Bakano. Ranar ko kalma ɗaya ta wasa bai yi min ba. Yana zuwa ya shiga bin masu rumfunan wurin ɗaya bayan ɗaya da Tonanci, harshen Asante, wanda ni ko gaisuwa ban iya ba. Wata mai sayar da atamfa ta ce ta ga su, su uku ne, sun yi wajen tashar mota. Da ni kaɗai ne, da shaddata da hular Kano da Turancina na Najeriya, ba na jin za ta buɗe baki.

Wannan shi ne arzikin Bahaushe a Kumasi, kuma ya kamata a yi amfani da shi. Kakanninmu fataken goro sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawa suka watsu zuwa wasu garuruwa, zangon Kumasi ya yi ta cika. Yau daga Aboabo zuwa Asawase, Sabon Zango, Sawaba, Akwatia Line, za ka wuni ba ka yi wani yare ba sai Hausa. Akwai Sarkin Zango, akwai sarakunan ƙabilu, akwai limamai, akwai majalisun samari a kowane layi. Kafin la'asar Kawu ya sa an faɗa a masallacin unguwa, samarin gidan sun baza magana ga masu gyaran waya da masu hoto. Ko ba a samu kaya ba, an rufe wa ɓarawo wasu ƙofofin sayarwa. Idan ba ka da dangi a garin, je masallaci mafi kusa ka gabatar da kanka ga liman, ka ce kai baƙo ne ga abin da ya same ka. Da wuya ka fito ba tare da an haɗa ka da wanda zai raka ka ba.

Faɗa wa masu biki

Wannan ya fi komai nauyi, kuma a nan na ga abokan sana'a da yawa sun zubar da mutuncinsu. Mutum ya rasa hotuna, sai ya yi shiru, ya ci gaba da cewa ana kan gyara, albam yana wajen bugu, har wata shida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kowace awa da ka yi shiru, dama ce ke kuɓucewa, domin baƙin da suka ɗauki hoto da wayoyinsu suna nan a gari, lallen yana nan a hannun amarya, kayan da aka sa ba a kai wanki ba.

Kafin ka yi magana, san ainihin abin da ya salwanta. Ranar Alhamis da daddare na jawo hotunan kamu gaba ɗaya zuwa wayata ta manhajar Camera Connect, don 80D tana da Wi-Fi. Ranar Juma'a na dawo a gajiye, ƙafafuna sun kumbura, na ce sai da safe. Da safen kuma na fita kasuwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: hotunan lalle sama da 400 sun tafi ne saboda na ƙi zama na minti ashirin. Na faɗi wannan a gaban Hajiya, matar Kawu, kamar yadda na rubuta shi a nan.

Na same ta a tsakar gida, ana ta fere doya, manyan tukwane uku a kan murhu. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ina da magana." Ta goge hannu a zani ta ja ni gefe. Na gaya mata na Alhamis suna nan, na Juma'a babu ko ɗaya, kuma laifina ne da ban kwashe ba. Ta yi shiru har na ji ƙarar ludayi a tukunya. Sannan ta ce, "Har da na Gwaggo?" Gwaggon ta taso tun daga Yendi, tsohuwa ce da ba ta cika tafiya ba, ita ta ɗora wa amarya lallen farko a tafin hannu. Na ce har da shi. Ta ce, "Allah ya sa iyakar abin ke nan. Je ka ci abinci."

Idan aikin kuɗi ne ba na dangi ba, a wannan zaman za ka faɗi abin da za ka mayar daga kuɗin da aka ba ka, kafin a tambaye ka. Kada ka jira su yanke.

Ga yadda muka ceto abin da ya cetu. Ƙanwar amarya ta bi duk wanda ya halarci lalle, ta ce kowa ya turo abin da ya ɗauka. A nan akwai abin lura: idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, in ka zo bugawa a babbar takarda sai ya farfashe. Ka ce su tura shi a matsayin dokumen, ko ka karɓa kai tsaye daga waya zuwa waya. Bidiyo ma ka karɓa, ana iya tsayar da shi a ciro hoto. Na zauna da wayoyin mata fiye da ashirin a kan tabarma har bayan isha'i. Mun samu na Gwaggo a wayoyi biyu, ɗaya ya ɗan girgiza, ɗaya daga gefe.

Lahadi da sassafe, kafin maza su tafi masallaci, na zaunar da amarya kusa da taga, ta sa kayan Juma'ar, na sake ɗaukar hannuwa da ƙafafu. Lallen ya ma fi kama jiki a kwana na biyu. Aka kamo Gwaggo ta zauna gefenta ta riƙe mata hannu. Na gaya wa kowa cewa a albam zan ware waɗannan, ba zan ce na ranar ba ne.

Caji ofis, da lambar da ke gindin kyamara

Je ofishin 'yan sandan da ke kula da yankin da aka yi satar, ba wanda ke kusa da masaukinka ba, in ba haka ba za su tura ka can bayan ka ɓata awa guda. Je a ranar. Tafi da fasfo da ɗan gari mai jin yare. Za a rubuta ƙorafinka a littafin kanta, a haɗa ka da jami'in bincike, ka rubuta bayani da Turanci. In wani ya rubuta maka, a karanta maka kafin ka sa hannu. Faɗi abin da ke jakar daidai, kada ka ƙara ko batir ɗaya, kada ka kumbura farashi. Karɓi sunan jami'in da lambar wayarsa, sannan ka nemi takardar rahoton 'yan sanda. Ana biyan kuɗinta, ka nemi rasit. Ba lallai ta fito a ranar ba. Tawa sai Talata na karɓa.

Wasu za su ce maka ɓata lokaci ne. Ban yarda ba. Ba don za a bazama neman kyamararka ba, 'yan sanda suna da abin da ya fi wannan a gabansu. Amma ranar da aka ga kayanka a hannun wani, wannan takarda ce kaɗai ke nuna cewa ka yi kuka tun kafin a gani. Mai inshora ba zai saurare ka ba sai da ita. In kayan na wurin aikinka ne ko na haya, ita ce ke wanke ka daga zargi.

Tambayar farko da jami'in ya yi min ita ce lambar jikin kyamarar, siriyal. Shekara biyar tana hannuna, ban taɓa rubuta ta ba. Canon 80D dubbai ne a duniya, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya. Abin da ya raba tawa da ta wani shi ne wannan lamba da ke manne a gindinta. Lens ma da tasa daban, filasha ma haka. Na kira yaron shagona a Kano, ya hau kan kabad ya sauko da kwalin, ya ɗauki hoton gefen da lambar take da kuma rasit ɗin saye, ya turo.

Idan ka yar da kwali, akwai wata hanya. Kowane hoto da kyamara ta ɗauka yana ɗauke da wasu bayanai a ɓoye a cikinsa, ana kiransu EXIF: ranar ɗauka, irin lens, saurin ɗauka, kuma a yawancin Canon da Nikon har da siriyal. Nemi hoto na asali wanda bai bi ta WhatsApp ko Facebook ba, don waɗannan suna share bayanan. Buɗe shi a Lightroom ko a manhajar kyauta mai suna ExifTool, za ka ga lambar. Akwai shafin Stolen Camera Finder da ke neman hotunan intanet masu ɗauke da siriyal ɗinka. Na gwada, ban samu komai ba, kuma ban yi mamaki ba, tunda masu hoto a ƙasashenmu Facebook da Instagram suke zuba aikinsu. Gwadawar dai ba ta cin minti biyar.

In fasfonka ya tafi tare da jakar, lissafi ya canja gaba ɗaya, ka ajiye maganar kyamara. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba mu shiga Gana mu zauna har kwana 90 ba biza, amma ba ta ce ka tsallaka iyakoki uku hannu rabbana ba. Da rahoton 'yan sanda za ka tafi ofishin jakadancin ƙasarka a Ankara a ba ka takardar tafiya ta gaggawa da za ta mai da kai gida.

Da me za a ƙarasa aiki

Da yammacin Asabar ɗan Kawu ya kai ni wurin wani mai hoto a Asawase. Ya fito min da biyu: Nikon D750, wadda ta fi tawa nesa ba kusa ba, da wata tsohuwar Canon 600D da robar hannunta ta fara saɓulewa. Na ɗauki tsohuwar. Dalili biyu ne. Na bar lens ɗina na 50mm a ɗaki, shi kaɗai ya tsira, kuma a Canon yake shiga. Na biyu, hannu yana da nasa sabo. A Nikon hatta murɗa lens da zuƙo hoto ta ɗaya gefen ake yi, kuma lokacin da liman ya ɗaga hannu ana shafa fatiha ba lokacin laluben maɓalli ba ne. Ɗauki wadda yatsunka suka sani, ko da ta girme wa ɗayar da shekaru.

Gwada ta a gabansa: ɗauki hoton farin bango ka duba ko akwai ɗigo, duba batir, ka ɗauki hoton duk wani tabo da ke jikinta da wayarka. Kada ka bar fasfonka jingina, ko nawa aka rage maka. Kawu ne ya tsaya min da bakinsa, aka rubuta 'yar takarda, muka sa hannu. Na lura D750 ɗin tana da ramin memori biyu, tana rubuta kowane hoto sau biyu. Mai ita ya ce min shi in ya gama aiki, ɗaya a kyamara, ɗaya a aljihu. Ban ce komai ba, amma maganar ta zauna min.

Neman kaya, da masu cin kasuwa a kan wanda aka sata

Da zarar lambar wayarka ta fita tare da cigiya, wasu ɓarayin na biyu za su taso. Litinin wani ya kira ni ya ce kyamarar tana hannun ƙanensa a Tafo, in tura masa sidi 200 ta MoMo, hanyar tura kuɗi ta waya, ya hau mota ya kawo. Na ce ya juya ta ya karanta min lambobi huɗun ƙarshe na gindinta. Ya kashe waya. Saboda haka kada ka buga siriyal ɗinka cikakke a cigiya. Cikakkiyar lamba ta 'yan sanda ce da masu gyara da dillalan da ka amince da su. Kowa kuma ka ba shi rabi, ragowar ta zama tambayar gwaji. Kada ka tura ko sisi kafin ka ga kaya.

Duba Jiji da kasuwar Facebook kullum, ba Kumasi kaɗai ba, har Ankara, don kayan sata ba su cika kwana a garin da aka ɗauke su ba. Idan ka ga mai kama da taka, adana hoton tallan, ka yi magana kamar mai saye, ka ce a turo maka hoton gindinta. In lamba ta yi daidai, kira jami'in da ke riƙe da maganarka. Kada ka je kai kaɗai, kada ka tara samari ku je ƙwace. Wanda ke tallar wataƙila shi ma saya ya yi. A dokar laifuffuka ta Gana ta 1960, doka mai lamba 29, karɓar kayan da ka san na sata ne laifi ne mai zaman kansa, kuma dillalai sun san haka. Ganin ɗan sanda da takarda ya fi musu tasiri fiye da hayaniyarka. Sau ɗaya muka ga wata 80D a Ankara da irin lens ɗina. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Da hoton ya zo, lambar wata ce daban.

A gidan biki wata ta kawo shawarar a je wurin mai duba. Kawu ya hana, kuma na ga hikimarsa. Ya ce mai duba ba zai ce bai sani ba, dole ya siffanta wani, kuma siffar za ta faɗa kan maƙwabci ko yaron gida, a ɓata zumuncin shekara talatin a kan abin da aka yi a tsakiyar kasuwa.

Maganar inshora gajeriya ce, don yawancinmu ba mu da ita, ni ma ban da ita. Mai ita ya kira kamfanin a ranar, ya tambayi ko ta shafi satar da aka yi a wajen ƙasa. Wasu suna sharaɗin a kai wa 'yan sanda rahoto cikin awa 24.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a rahoto. Da adashin shekara guda na sayi kyamarar nan, da ita nake ciyar da gida. Daren Asabar ɗin an kawo min waakye, shinkafa da waken 'yan Gana, da kifi, na kasa kai loma uku. Na yi ta maimaita abin a kaina, da ban waiga ba, da na rataya jakar a gaba. Kawu ya shigo ya zauna bakin katifa, ya ce, "Ɗan nan, gobe mutum ɗari biyu za su kalli fuskarka kafin su kalli kyamara. Ka ci abinci ka kwanta." In kana cikin wannan hali, kada ka yanke shawarar kuɗi a daren. Kada ka ci bashi ka sayi ta farko da aka nuna maka don kawai ka huce.

Yadda nake tafiya yanzu

Kafin in bar gida nakan shimfiɗa kayan a kan gado, in ɗauki hoton kowanne da lambarsa da rasit ɗinsa, in tura wa kaina ta imel, in tura wa matata. Wannan yana da amfani ko a gaban kwastan, in aka tambaye ka inda ka samo kaya. Na daina amfani da babban memori ɗaya. Ƙanana nake saye, kowace rana da nata. Kyamara ba ta shiga jaka da memori a cikinta: in na gama aiki sai in zare shi, ya koma aljihun da fasfo yake. Kowane dare, ko ƙarfe nawa ne, ina jona kad-rida, 'yar na'urar karanta memori, a waya in kwashe, mafi muhimmanci kuma in ɗora su a Google, wanda ke ba kowa 15GB kyauta. Jakar da nake ɗauka tsohuwar jakar makaranta ce, na cire igiyar wuya mai rubutun Canon da ake hangowa daga nesa na sa baƙa. A cunkoso jaka tana ƙirji. In dole ta sauka, ƙafata tana cikin igiyarta. Mai hali ya jefa AirTag ko SmartTag, 'yan na'urorin da ke nuna maka a waya inda kaya suke, a cikin ɗinkin jakar. In kuwa wani abu ya zubo maka a riga a tsakiyar kasuwa, ka ƙara riƙe jakarka, ka ci gaba da tafiya. Riga tana wankuwa a gida. Ranar da ba aiki za ka yi ba, bar kyamarar a ɗaki a kulle. Ƙarin memori ba ya buƙatar a kai masa kyamara kasuwa.

A cikin saitin yawancin kyamarori akwai wurin rubuta sunan mai ita da bayanin haƙƙin mallaka, kuma abin da ka rubuta yana bin kowane hoto. Rubuta sunanka da lambar wayarka. Ɓarawo zai iya gogewa, amma da yawa ba su san da wurin ba. A tawa ban rubuta komai ba.

Wata bakwai bayan na dawo Kano na haɗa kuɗin wata, ta hannu. Dillalin ya miƙo min ita, na juya gindinta na ga lambar ba a kankare ba, na nemi rasit ya ce babu. Na shiga saiti, sai ga sunan wani mutum da lambar waya. Na ce wa dillalin ya ba ni minti biyu, na fita bakin shago na kira. Wani ya ɗauka daga Zariya. Na karanta masa lambar, na tambaye shi ko kyamararsa ta ɓata. Ya ce a'a, shi ya sayar da ita da hannunsa zai biya kuɗin makarantar yara, ya ma gaya min cewa murfin batir ɗin yana ɗan cijewa sai an danna. Na danna, haka ne. Na koma ciki na biya, na zauna a kan bencin shagon na goge sunansa, na rubuta nawa, da lambata, da +234 a gabanta.